Abin da Ban Faɗa wa Likita Ba

Maigidana ya shekara biyu yana fama da cikinsa kafin mu san sunan ciwon. A garinmu duk abin da ya fito ta baya da jini basir ne, in ya haɗa da murɗa kuma a ce atuni. Haka muka yi ta kiransa, yau basir gobe atuni. Ni ce mai cika masa buta, don haka ni na san yawan zagayawarsa. Ranar sauƙi sau huɗu. Ranar da abin ya motsa, kafin azahar ya je sau bakwai, ya fito yana dafa bango, ya zauna a kan turmi ya ce in ba shi ruwa.

Abin da ya fi ba shi wahala gona ce. Gonakinmu a manne suke da juna, daga ta wane sai ta wane, iyakar ma da ƙyar mutum ɗaya yake bi ta kanta. Babu daji, babu kwari, babu inda namiji zai tsuguna wani bai hango shi ba. In cikin ya murɗa sai ya yar da fartanya ya nufo gida da sassarfa. Wani lokaci ya iso, wani lokaci bai iso ba. Ranar da bai iso ba ta bayan danga yake shigowa, in karɓi wandon in wanke, ba ya kallona, ni ma ba na kallonsa.

Gida ɗaya muke da Inna, mahaifiyarsa, da kuma wansa, wanda kowa yake ce wa Yaya. Kowa da sashensa, amma rumbu ɗaya ne, kuma maganar Yaya ita ce magana. An sha sassaƙe, an sha jiƙo, an sha rubutu. Da kaka ta yi aka gama shigar da gero, Yaya ya ɗauke shi suka hau bas zuwa babban asibiti a Kano. Ban bi su ba, ina jegon ɗana na biyu.

Kwanansu shida suka dawo. Maigida ya ce an zura masa wani tiyo mai fitila a kai an leƙa cikinsa, an ce gyambo ne ya feso a babban hanji. Ba irin wanda ake warkewa gaba ɗaya ba ne, kwanciya yake yi ya tashi. An ba shi magani iri biyu. Ɗaya manya ne, na kullum, har illa ma sha Allahu. Ɗayan ƙananan farare ne, na 'yan makonni, ana sha ana ragewa. An rubuta masa a takarda.

Aji uku na tsaya a firamare. Rubutun likita ya fi ƙarfina, amma lamba ina gane ta. Na ga lambobin suna saukowa kamar matakala, mako mako, sai na karɓi aikin. Kowace safiya in ɓallo masa adadin ranar in miƙa masa da koko. Kwana huɗu jinin ya tsaya. Kwana goma ya ci tuwo malmala biyu ya nemi ƙari. Tun daga nan ya sa mini suna.

"Likita, yau guda nawa ne?"

"Shida."

"Jiya ma shida kika ce. Ko dai ƙirgen ya tsaya a aji uku?"

"Sai Asabar za a rage. In ba ka yarda ba ka karanta da kanka."

"A'a, wane ni. Ni da ko aji ɗaya ban leƙa ba."

Da ƙananan suka ƙare ban yar da kwalin ba. Na sa shi a ƙarƙashin jeren kwanukana tare da takardar. Duk wata mace a garinmu haka take yi. Ba mu san sunan magani ba, kwali muka sani. In ciwo ya dawo sai a kai kwalin kemis a ce irin wannan.

Manyan kuwa ba a samunsu a Tsanyawa da ke kusa da mu, sai an je Kano. Shekarar ce man fetur ya tashi, komai ya bi bayansa, har masu bas suka riƙa yini a tasha ba su cika ba. Mutane suka koma cin abinci sau biyu. Shi kuma yana jin kansa garau. Da na hannunsa suka ƙare ya ce a bari tukuna, ya tafi Watari aikin albasa, ya yi rani guda lafiya lau. Ni ma na ɗauka an rabu ke nan.

Ciwon ya dawo da damina, ana tsakiyar noman farko. Yaya ya lura da sassarfar ya ce a koma Kano. Maigida ya ce ba komai, ɗanyen mangwaro ya ci. Da ya shigo ɗaki ya ce mini, "Kada ki bari Yaya ya ji. In ya ji zai ce a bar gona a tafi, kuma kin ga yadda shekarar take. A gama maimai tukuna."

A makon aka kira mu rigakafin yara a ƙaramin asibitin Tsanyawa. Na sa kwalin a jaka. Da aka gama yi wa yaro allura na tsallaka titi na shiga wani kemis, na ajiye kwalin a kan kanta. Mai kemis ya juya shi ya yi dariya.

"Wannan ai na amare ne, masu son su cika zane. Ke kuma me kike nema da ƙiba, ga goyo?"

"Na maigida ne."

"To Allah ya ba shi lafiya. Ki dai lura kada ya fi ki kumatu."

Bai tambayi takarda ba, ni ma ban nuna ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne arharsa. Na dawo gida ina jin daɗi, ina cewa a raina ashe lafiya tana nan kusa muke wahalar zuwa Kano.

Na fara daga lambar sama kamar wancan karon. Makon farko ya ɗan ji dama. Da na sauko mataki ɗaya jinin ya dawo, sai na koma sama. Bai tsaya ba. Na yi tunani irin na girki, in miya ta yi salam gishiri ake ƙarawa. Na ƙara biyu a kan lambar sama. Bayan kwanaki na sake ƙara biyu. In sun kusa ƙarewa sai in ba wata tsohuwa maƙwabciyarmu kwalin, mai kai daddawa kasuwa, ta sayo mini. Haka muka yi mako bakwai.

Fuskarsa ta cika ta yi zagaye. Inna tana ganinsa a tsakar gida sai ta ce, "Kun gani ko, ya fara mayar da jiki. Rubutun nan ya karɓe shi." Ni kuwa da nake ganinsa ba riga na san ba jiki ba ne. Ƙafafunsa sun koma kamar karan dawa. Harshensa ya yi fari fat. Kullum da la'asar sai zazzaɓi ya rufe shi, ya nemi bargo ana zufa. Abinci ya daina shiga mini. In ina daka sai in tsaya da taɓarya a hannu ina sauraren ƙarar murfin buta. Na san wani abu ba daidai ba ne, amma duk lokacin da tsoro ya kama ni, abin da na iya kawai shi ne in ƙara ɓallo guda.

A ƙasan takardar nan akwai layi biyu da ban iya karantawa ba. Daga baya aka karanta mini. Cewa aka yi in jini ya dawo, ko zazzaɓi ya zo, a dawo asibiti, kada a sake shan ƙananan sai likita ya gani. Mako bakwai ina buɗe takardar kowace safiya, idona yana wucewa ta kansu.

Gero ya fara fitar da kai ranar da aka kawo maigida a amalanke. A gona ya faɗi. Yaya bai tambayi kowa ba, ya ce in ɗauko kayan jinya. Na bar babbar 'yata wajen Inna, na goya ƙaramin. Da nake haɗa kaya na ɗauko kwalin da takardar na cusa a ƙasan jaka, ƙarƙashin tsummokaran yaro. Niyyata in nuna. Wallahi da niyyar na fita daga gida.

Shekara biyar ina gidan nan, ban taɓa yi wa Yaya magana mai tsawo ba. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wajen, shi ke nan. In ina da magana Inna nake gaya wa, ita ta kai masa. Ba ƙiyayya ba ce, haka ake yi da wan miji. Ko a bas ɗin ma kujera biyu ce tsakaninmu.

A asibitin aka kwantar da shi aka sa masa ƙarin ruwa. Wani likita dattijo ya zo da wata likita matashiya a bayansa tana rubutu. Yaya yana tsaye a wajen kai, ni ina can ƙarshen gado ina jijjiga yaro. Dattijon ya duba katin bara, ya danna cikin, sannan ya ce, "Yana shan wani magani a gida?"

Yaya ya ce, "Babu, likita. Sai jiƙo da rubutu."

Likitan ya kama haɓar maigida ya juya fuskarsa dama da hagu. "Kun tabbata? Ba ya shan ƙananan fararen nan da muka ba shi bara?"

"Ai waɗannan tun bara suka ƙare. Gida ɗaya muke. Da yana sha da na sani."

Sai likitan ya ɗago ya dube ni. "Ke fa, maiɗakinsa?"

Kafin in haɗiye yawu Yaya ya ce, "Ita yarinya ce, abinci kawai take kai masa."

Maigida ya buɗe ido ya kalle ni, ya sake rufewa. Zazzaɓi yana cinsa, ban san ko ya ma ji tambayar ba. Jakar tana rataye a kafaɗata. In na buɗe baki, na ƙaryata Yaya a gaban baƙi, na tona asirin mijina, na kuma faɗa da bakina cewa ni na yi. Na daɗe ina gaya wa kaina kunya ce ta hana ni. Kunya tana ciki. Amma tsoro ya fi yawa, tsoron a ce ni na kashe shi. Na sunkuyar da kai, likitan ya juya ya ci gaba da maganarsa.

Suka fara yi masa wata allura ta cikin ruwan, safe da yamma. Kwana na biyu na tambayi nas ɗin da ke yi, a hankali, wace iri ce. Ta ce, "Kin san ƙananan fararen nan? To babbar yayarsu ce. In Allah ya so kwana uku za ki ga canji." Abin da na yi mako bakwai ina ɗura masa bai yi ba, shi suke ƙara masa, don suna zaton bai taɓa sha ba a bana. Na gane wannan sarai. Duk da haka na sake yin kwana uku ban ce komai ba. Kullum sai in ce gobe in Yaya ya fita salla. In ya fita kuma likita ba ya nan. In likita ya zo Yaya yana tsaye.

Canjin bai zo ba. Ina ɗaukar fo ina zubarwa, jini ne da majina, har aka yi masa ƙarin jini.

Mata masu jinya a baranda muke zama, kowa da tabarmarta. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Zakirai da ke jinyar mijinta, mai baki, ba wanda ta ƙyale. Safiyar kwana na biyar muna wanke kwanuka a famfo ta ce, "Ke 'yar nan, me ke cikin jakar nan ne? Kullum kina leƙawa kamar wadda ta sato kaza."

Ban san lokacin da na fito da kwalin ba. Na gaya mata duka, ina magana ina kuka, ruwa yana zuba a kwano. Ta saurara har na gama. Ta goge hannu da zane ta ce, "Tashi."

"Iya, Yaya yana ciki."

"Yayan ne mijinki ko na kwancen?"

"Zai ce na ƙaryata shi."

"Ya ce mana. In ya gama cewa ya ci tuwo ya kwanta. Ke kuma ki yi takaba da kunyarki. Tashi na ce, ni gwiwata ciwo take."

Ta riƙe hannuna kamar ƙaramar yarinya har bakin ɗakin likitoci. Matashiyar nan muka tarar. Na miƙa mata kwalin da takardar. Ta ce guda nawa, na faɗa. Ta ce mako nawa, na faɗa. Ta ajiye biro. Na jira faɗa, bai zo ba. Cewa kawai ta yi, "Me ya sa ba ki faɗa mana ranar farko ba?"

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausar da zan gane. Ta ce jikin mutum yana da masu gadi. A wannan ciwon masu gadin ne suke rikicewa su far wa hanji, ƙananan fararen kuma kwantar da su suke yi, shi ya sa jini yake tsayawa. Amma akwai wata ƙwayar cuta, bairos, wadda yawancinmu muna ɗauke da ita tun muna yara, tana kwance ba ta komai don tana tsoron masu gadi. In aka daɗe ana kwantar da su sai ta tashi, ta je ta zauna a cikin gyambon ta yi ta ci. Daga nan maganin da ya yi aiki bara ba zai yi ba, ƙara shi ma fili yake ba ta. Ta ce ba ta tabbata ita ce ba sai an gwada, amma da sun san ya sha mako bakwai bai ji sauƙi ba, da ita za su fara nema tun ranar da muka zo.

Ranar suka sake zura tiyon suka gutsuro ɗan nama. Suka fara rage allurar. Sakamakon ya ɗauki kwanaki, kuma da ya fito ita ce. Maganinta ma sai da Yaya ya yini biyu yana zagaya Kano kafin ya samo. An yi kwana uku ana sa wa maigida, har zazzaɓin ya fara sauka, har ya ce in ba shi kunu. Na huɗu da hantsi cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ko zane ba ya so ya taɓa shi. Dattijon ya zo ya ce hanjin ya gaji, yana dab da ɓulewa, in ba a cire ba ba zai kai gobe ba. Yaya ya dangwala yatsa a takarda. Aka tura maigida tiyata.

A bakin ƙofar tiyatar muka zauna, benci ɗaya, Yaya a wancan ƙarshen ni a wannan. Likitoci sun riga sun gaya masa maganar ƙwayoyin. Bai tayar da ita ba sai a nan. Yana kallon ƙasa ya ce, "Da kin gaya wa Inna. Da ta gaya mini." Iyakar abin da ya ce ke nan, har yau bai ƙara ba. Gaskiya ya faɗa. Hanyar tana nan, taku goma ne daga ɗakina zuwa nata, kuma mako bakwai ina wucewa ta ƙofarta da kwanon koko.

An cire babban hanjin duka. Aka fito da bakin ƙaramin ta gefen cikinsa na dama, aka manna masa 'yar jakar roba, a nan bayan gida yake taruwa. Ranar da za a sallame mu na tare likitar a baranda na ce ta gaya mini tsakani da Allah, da na yi magana ranar farko da an cire? Ta ce, "Ba zan ce miki e ba, ba zan ce a'a ba. Na ga waɗanda aka gano da wuri suka tsira da hanjinsu, na ga waɗanda aka gano da wuri kuma aka cire." Na so ta zaɓi ɗaya, ko da mai zafin ce.

Maigida yana nan da ransa, alhamdu lillahi. Jini ya tsaya, ƙafafun sun ciko. Na koyi wanke wurin da canza jakar, in jakar ta yi wuyar samu mu yi dabara. Sau ɗaya na nemi gafararsa, ya ce, "Ke kika miƙo, ni na haɗiye. Kuma ni na ce a yi shiru." Bai sake barin na ɗauko zancen ba. Amma sunkuyon fartanya ya gagare shi, Watari kuwa ya bar ta. Liman ya gaya masa sallarsa ta yi, alwalarsa ta yi, duk da haka sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da ƙofa.

Ya kuma daina cin abinci da maza a zaure. Jakar tana ƙugi ba tare da ya sani ba, an fi jinta in ana ci, kuma ba yadda zai yi ya riƙe. Tun da ta yi masa haka sau ɗaya a gaban baƙo ya ce in riƙa ajiye masa nasa a ɗaki.

Rannan da rana sai ga Yaya ya yi sallama a sashenmu, abin da bai taɓa yi ba, da kwanonsa a hannu. Ya ce zaure ya yi zafi. Na shimfiɗa musu tabarma a inuwar ɗaki, na kawo ruwa, na koma bayan zana. Sun fara ci ke nan jakar ta yi ƙara, doguwa. Yaya ya ɗaga murya ya shiga zancen wake, wai tsutsa ta shiga na gonar arewa, wai bana sai an yi feshi sau biyu, yana ta magana ba ya ko numfasawa har ƙarar ta wuce. Maigida ya ce haka ne. Ya ƙara loma biyu ya ce ya ƙoshi. Yaya ya zauna shi kaɗai ya cinye nasa a hankali, sannan ya tashi. Da na zo ɗauke kwanuka na tarar da na maigida kusan yadda na zuba, na rufe na ajiye masa ko zuwa la'asar.